Iliyasu Mai Rediyo a Shekarar Shuu

Har yau in na tuna da shekarar nan da rediyon mutane suka kama shuu, raina ɓaci yake yi, kuma na rasa wanda zan fi jin haushi, mutanen tashar ne, ko Iliyasu, ko ni kaina. Iliyasu taubashina ne, mahaifiyarsa ƙanwar mahaifina ce, don haka tun muna yara ba ni da aiki sai tsokanarsa, shi kuma ba shi da aiki sai ƙyale ni. Ni sunana Salman, rake nake nomawa a Taba. Shi a Likoro aka haife shi, amma duk wanda ke cin kasuwar Makarfi ya san rumfarsa, can bayan masu mazarƙwaila, inda ƙudan zuma ke hana mutum sakat. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana gyaran rediyo a wurin.

Mahaifinsa so ya yi ya noma masara kamar kowa. Ina! Iliyasu in ya riƙe fartanya sai ka ce an ba shi ajiyar abin da yake tsoro. Kunya ɗaya zai yi, ka waiga ka same shi a gindin ɗorawa ya kwance bayan rediyon wani yana leƙe. Da tsohon ya gaji da faɗa, sai ya ɗauke shi ya kai shi Ikara wurin Abednego, wani mutumin kudancin Kaduna da ya zauna a garin ya buɗe shagon gyara. Shekara bakwai Iliyasu ya yi a hannunsa. A gidansa yake cin abinci, a shagon yake sallarsa, kuma har ya yi furfura bai daina ce masa Baba ba.

Abednego ya koya masa abubuwa da yawa, amma doka ɗaya ce ya kafa masa da duka. A cikin rediyo irin na da akwai wasu 'yan gwangwanaye ƙanana masu kusurwa huɗu, kowanne da ɗan kai mai launi, wani ja, wani rawaya, wani fari, wani baƙi. Koyil suke ce musu. Tun daga masana'anta ake daidaita su, a ɗiga musu kaki don kada su motsa, kuma su ne ke sa rediyo ya jawo muryar da ke nesa. Abednego ya ce masa ya canza lasifika, ya canza waya, ya canza duk abin da ya ga dama, amma kada ya kuskura ya fasa kakin nan, domin wanda ya murɗa su ba tare da na'urar awo ba ba zai iya mayar da su ba. Sau ɗaya Iliyasu ya kai musu hannu yana ɗan koyo. Abednego ya tsula masa rula a yatsu, ya kore shi Likoro na mako guda.

Abin da ya ɗaukaka shi a Makarfi kunnensa ne. Za ka kawo masa rediyo, ba zai buɗe ba, zai kunna ya karkatar da kai, ya lumshe ido, sai ka ji ya ce, "Kusa da murhu ake rataye shi," ko kuwa, "An bar masa batir ya zuba." Kuma hakan ne. Yana da magana ɗaya da yake alfahari da ita, wai shi ba a dawo masa da gyara. Ni kuwa nakan ce dalili shi ne kafin ya gama gyaran mai rediyon ya tsufa ya manta. Amma tsakani da Allah gaskiya yake faɗa, ni dai ban taɓa ganin an dawo masa da aiki ba.

Da wayar hannu ta cika gari, abokan sana'arsa duk suka koma gyaran waya da caji. Shi ya ƙi. Ya ce muddin manomi zai rataye rediyo a reshe yana noma, muddin Bafulatani zai saɓa shi a kafaɗa, shi bai ga abin da zai tayar da shi ba. Kuma bai yi kuskure ba, don akwai wuraren da waya ba ta san da su ba, amma tashar AM, wadda tsofaffi ke ce wa matsakaicin zango, tana isa. Tasha ɗaya ce duk yankinmu aka fi ji, don farashin hatsi, da sanarwar rasuwa, da cigiyar dabbobi, da shirin Fulatanci safe da yamma. Ba zan kama sunanta ba, don in na fara ba zan tsaya a suna ba.

Bayan an gama yankan dawa abin ya fara. A rediyon rumfarsa Iliyasu ya fara ji. Muryar mai labarai tana nan, amma a ƙarƙashinta akwai wani shuu, kamar yayyafi a kan kwano, kuma in allurar kamo tasha ta ɗan goce kaɗan sai shuu ɗin ya haɗiye maganar gaba ɗaya. Ranar na kai rake kasuwa na biya ta wurinsa. Na same shi ya yi jugum. Ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Salman, don Allah tsaya ka saurara. Kana jin wani shuu a rediyon nan?"

Ina ji sarai. Amma taubashi taubashi ne. Na gyara fuska na ce, "Wane shuu? Ni tangaran nake ji. Kai dai ka ce tsufa ya fara ta kunne."

Na yi tsammanin zai zage ni mu yi dariya. Bai zage ni ba. Ashe kwana uku ya yi yana ganin kunnensa ne ya fara mutuwa, ko matarsa Ummuhani bai gaya wa ba. Ya je kemis a ɓoye ya sayo maganin ɗigawa, yana ɗiga wa kunnen da ba abin da ya same shi. Sai a rana ta huɗu wata maƙwabciyata a Taba, Mukarrama mai daddawa, ta kawo nata rediyon tana cewa ya dame ta da shuu. Aka ce ajiyar zuciyar da ya yi har masu mazarƙwaila sun ji. Kasuwa biyu bai yi min magana ba. Na ba shi haƙuri, ya haƙura, amma na san tsoron nan bai fita daga ransa ba, kuma ina ganin shi ne ya tunzura shi ga abin da ya aikata daga baya. Wannan alhakin nawa ne, ba na musu.

Daga Mukarrama sai rediyo suka yi ta zuwa, daga Likoro, daga Kudan, daga ƙauyukan Ikara, duk cuta ɗaya. Ya canza lasifika, shuu na nan. Ya bi wayoyi ya sake musu dalma, shuu na nan. Ya ce batiran da ke kasuwa ne jabu, aka sayo wasu daga Zariya, shuu na nan. Mai hankali zai ce ta yaya rediyo arba'in za su kamu da ciwo ɗaya a mako ɗaya, kuma a tasha ɗaya kaɗai? To ai ya lura. Na ji da kunnena ya ce sauran tashoshi lafiya lau suke fita. Na ce to ko daga can ne? Sai ya harare ni.

"Kai ma dai da neman magana. Tashar da ke da injiniyoyi masu digiri? Ni da ko firamare ban gama ba, in ce su ne suka yi kuskure? Akwai dai abin da ban gano ba."

Wannan ladabin nasa shi ya kashe shi. Ya dai gwada lambarsu ta shirin gaishe-gaishe sau da yawa, kullum layi a cike, masu gaida surukai sun tare. Ana nan mutane suka fara dawo masa da gyara, abin da bai taɓa gani ba. Wani dattijo daga Kudan ya ajiye nasa a teburin a gaban jama'a ya ce, "Malam Iliyasu, ko dai hannun ne ya gaji?" Ba da mugunta ya faɗa ba, amma na ga yadda fuskar Iliyasu ta canza.

Ina zaune a bencinsa ranar da ya fasa kakin. Da hantsi ne, kasuwa ta fara cika. Ya ɗauko wani tsinken roba da ya feƙe daga hannun buroshin goge baki, ya jima yana kallon 'yan gwangwanayen nan a rediyon dattijon, sannan ya kankare kakin mai rawayan kai ya murɗa kaɗan. Shuu ya ragu. Ya koma kan farin ya murɗa, shuu ya ƙara nutsewa. Muryar ma ta ɗan yi ƙasa, kamar mai magana daga cikin ɗaki, amma da ya ƙara sauti sai ta fito fes. Gumi ya jiƙa masa riga. Ya kunna kyandir ya ɗiga sabon kaki a wurin, ya rufe bayan rediyon.

"Kada Baba ya ji," ya ce da ni.

Kafin mako biyu labari ya zagaye ƙananan hukumomi uku cewa Iliyasu ya samo maganin shuu. Masu gyaran waya ma turo masa mutane suke yi. Ya koma tafiya yana ɗaga kai, ya koma amsa min baƙar magana, ni ma har na ji daɗi. Rediyo arba'in da uku ya murɗa, yana sane da adadinsu da masu su, don shi ba ya manta rediyon da ya taɓa.

Uku na ƙarshe na Bobbo ne. Bobbo Bafulatani ne daga wata ruga kusa da Saulawa, dogo, marar yawan magana, ya fi shekara ashirin yana kawo masa gyara. Kowace shekara in ciyawa ta ƙare yakan kora shanu kudu, shi da 'ya'yansa biyu magidanta, su shiga cikin duwatsu inda waya ba ta da amfani, sai ruwa ya sauka su dawo. Ya jera rediyon uku a tebur, nasa da na 'ya'yan. Bayan sun gama gaisuwa, an tambayi gida an tambayi shanu, ya ce, "Malam Iliyasu, innata ta tsufa ƙwarai, bana ko tashi ba ta yi. Na ce wa 'yan gida in wani abu ya faru su kai sanarwa shirin Fulatanci, in na ji zan bar wa yara shanun in hawo mota. Ka gyara min su yadda zan ji."

Iliyasu ya murɗa duka ukun, ya gwada su a nan rumfa, suka fito tas. Ya miƙa masa yana murmushi ya ce, "Ko a bayan dutse kake za ka ji, in Allah ya yarda." Bobbo ya yi godiya ya tafi, washegari suka kama hanya.

Al'adar Iliyasu ce duk Kirsimeti ya je Ikara ya gaida Abednego, ni nake kai shi a babur, mu ɗaura damin rake a baya. Shekarar nan mun tarar da tsohon a kujera a ƙofar gida, ido ya yi rauni amma baki na nan. 'Yarsa Anita ta zo hutu daga Kaduna, inda take aikin injiniya a wani kamfanin sadarwa. A gaban Iliyasu aka haife ta, Kawu take ce masa. Ana cikin hira sai bakina, wanda ba ya iya zama shiru, ya kawo zancen shuu, ina yabon taubashina cewa shi kaɗai ya gano maganinsa. Anita ta yi dariya ta ce mu zo mu ji wani abu.

Ta kai mu wurin motarta, irin waɗanda ake shigowa da su na hannu daga ƙasar waje, ta kunna rediyon ta kamo tashar tamu. Da farko muryar ta fito yadda muka saba jin ta. Ba a yi ƙiftawa goma ba sai sautin ya buɗe. Ana kiɗan garaya a lokacin, sai ga garayar tana fitowa ta ƙofar hagu, mai waƙar ta ƙofar dama, har kana jin numfashinsa. Ba shuu, ba ƙara, ba komai. Iliyasu ya zura kai cikin motar ya kasa fitowa.

"Wannan AM ce?" ya tambaya.

"Ita ce, Kawu. Rediyon mutane lafiyarsu ƙalau. Tashar ce ke gwajin sabon tsari. Muryar da kuka saba ji tana nan a tsakiya, sai suka ɗora sigina ta dijital a gefe da gefe, duk a zango ɗaya, ita ce mai fitar da sauti hagu da dama ɗin nan. Rediyon motar nan ya iya karanta ta gefen. Tsohon rediyo bai iya ba, shi ne yake jin ta a matsayin shuu. In mutum ya daidaita allura a tsakiya sosai yana raguwa, amma ba zai tafi ba."

Ni manomi ne, na gane da wuri. Wake ne aka shuka tsakanin dawa, sai dai waken nan ya hau kan dawar ya danne ta. Na ce da ita, to da za su yi haka sun gaya wa mutane? Ta ce sun sanar mana, a shafinsu na intanet, da Turanci. Jama'a, ku ji min wannan! Tashar da ke karanta cigiyar akuya da sunan unguwar da ta ɓata, ta kasa buɗe baki ta ce wa masu saurarenta kada ku taɓa rediyonku, mu ne. Kuma don wa aka yi kiɗan hagu da dama? In ka tattara Ikara da Makarfi da Kudan, motocin da ke da irin rediyon nan ba na jin za su cika tashar mota ɗaya. Sauranmu shuu ne rabonmu.

Abednego na jin duk abin da ake faɗa daga kujerarsa. Da muka dawo muka zauna, ya juya fuskarsa wajen Iliyasu.

"Iliya, an ce ka samo magani. Kakin fa?"

Iliyasu ya sunkuyar da kai. Mutum mai jikoki, sai ga shi yana wasa da bakin tabarma.

"Nawa?"

"Arba'in da uku, Baba."

Tsohon bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya ce, "Ba shuu ka kashe ba, kunnen rediyon ka toshe. A nan kusa, inda tasha ke da ƙarfi, zai ji. Wanda ya yi nisa fa?"

Iliyasu ya ɗago kai. Kalma ɗaya ya faɗa, sunan Bobbo.

A hanyar komawa na ba shi shawarar da har yau nake jin kunyarta, amma a lokacin gani nake ita ce hankali. Na ce ya yi shiru. Mutanen nan arba'in da ke gida suna jin tasharsu lafiya, suna sa masa albarka, ba wanda zai taɓa sani. Bobbo kaɗai za a nemi hanyar aika wa sabon rediyo, shi ke nan. Ya bar ni na gama surutuna, har mun kusa Makarfi, sannan ya ce daga bayana, "Lafiyayyu aka kawo min na mayar da su kurame. In na yi shiru, da wane ido zan karɓi na gaba?"

Abednego ya ba shi aron tsohuwar na'urarsa ta daidaita koyil, wani akwatin ƙarfe mai allura da ke fitar da fito, nauyinsa kamar na turmi. Washegari Saulawa muka fara zuwa. Mun sami rugar, mun gaida tsohuwar tana kwance, amma ba wanda ya iya cewa ga inda Bobbo yake, domin ba wuri ɗaya suke zama ba, ciyawa suke bi. Iliyasu ya ba wani dillalin shanu mai zuwa kudu rediyo mai kyau da saƙo. Dillalin ya dawo da shi bayan mako uku, bai gan su ba.

Tsakanin nan muka shiga zagaye ƙauyuka, ni da shi da akwatin ƙarfen nan a babur. A nan ne na ga abin takaicin da ban taɓa gani ba. In ya mayar da koyil daidai, rediyo ya warke, to shuu ma sai ya dawo, tunda lafiyayyen rediyo ne ke jin sa. Ka je gidan mutum yana zaman zamansa, ka karɓi abinsa da ke magana fes, ka mayar masa da shi yana yayyafi, sannan ka ce yanzu ne ya gyaru. Wa zai yarda? Yana yi musu bayanin murya a tsakiya da dijital a gefe, suna kallonsa kamar ya taɓu. Mukarrama kuwa har ƙofar gida ta biyo mu da rediyon a hannu.

"Malam Iliyasu, ka ji tsoron Allah! Da ka ce ka gyara, ɓatawa ka yi, yanzu da ka ɓata kuma ka ce gyara ne? Wannan ai gyaran gangar Abzinawa ne. Kai kuma Salman, da girmanka kake ɗauko shi kana kawo wa maƙwabta?"

Talatin da ɗaya ya samu ya mayar. Tara suka hana, wasu da sun ji ƙarar babur ɗinmu sai a ce ba sa nan. Magana ta bazu cewa Iliyasu da bakinsa ya amsa yana lalata wa mutane rediyo, ba wanda ya damu da sauran bayanin. Ranar kasuwa sai ka ga mutum da rediyo a hammata ya zo daidai rumfarsa ya kau da kai ya wuce wurin masu gyaran waya, waɗanda ba su san koyil ba ko a mafarki. Garin neman gira an rasa ido, haka na ce masa wata rana cikin fushi, ya ce ai idon tun ranar da ya kunna kyandir ya rasa shi.

Tsakiyar rani tsohuwar ta rasu. Ba wanda ya aiko mana, a rediyo muka ji. Ina rumfar da safe, shirin Fulatanci na tafiya cikin shuu, sai mai gabatarwa ya kama sunan rugar da ke kusa da Saulawa, ya faɗi sunan marigayiya, ya ce ana neman ɗanta Bobbo duk inda yake ya zo gida. Ya maimaita da Hausa. Iliyasu na riƙe da ƙarfen dalma, har ya ƙone masa teburi bai sani ba. Kwana uku ana karanta sanarwar, safe da yamma, kuma bai tsallake ko ɗaya ba. Na ce ya kashe rediyon mana, me zai ƙara masa? Ya ƙi. A rana ta huɗu ya rufe rumfa ya hau motar kudu da kansa. Kwana shida ya yi yana bin kasuwannin shanu, duk inda ya je sai a ce an gan su amma sun ƙara gaba. Ya dawo ya rame, ƙafafunsa sun kumbura, Ummuhani ta yi ta gasa masa su da ruwan zafi tana yi min kallon da na san ma'anarsa.

Wata guda bayan haka aka wayi gari shuu ya ɗauke. Haka kawai. Yadda ba su ce sun fara ba, haka ba su ce sun daina ba. Anita ta ce gwajin ne ya ƙare. Rediyo talatin da ɗayan nan suka koma magana tangaran, har da tashoshin nesa, amma ba wanda ya tako ya ce Malam Iliyasu ashe gaskiyarka ce. Mutane cewa suka yi Allah ya kawo sauƙi.

Sai da ruwan farko ya sauka Bobbo ya dawo. An ce a bakin hanyar Saulawa wani ya tare shi da ta'aziyya, shi kuwa yana ɗauke da turmin zane da ya sayo wa innarsa. Ranar kasuwa ya zo Makarfi. Na hango shi daga nesa da rediyo uku a rataye. Ya yi sallama, Iliyasu ya miƙe tsaye ya yi masa gaisuwa, ni ma na yi, ya amsa da haƙuri sai ma'aiki. Ya zauna ya jera rediyon a tebur.

"Malam Iliyasu, tun da muka wuce kwana huɗu da tafiya suka yi shiru, duka ukun. Na sa sabon batir, na hau dutse da su, ba komai. Ina ga bana mun shiga ciki da yawa ne, duwatsun wurin manya ne. Allah bai nufa in gan ta ba. Ka duba min su dai."

Ga ƙofa a buɗe, mutumin da kansa ya buɗe ta. Na taka ƙafar Iliyasu a ƙarƙashin tebur, na taka da ƙarfi. Ya janye ƙafarsa.

"Ba duwatsu ba ne, Bobbo. Ni ne. Lafiyarsu ƙalau ka kawo min su. Na taɓa abin da aka hana ni taɓawa, na rage musu ji, don kada a ce na kasa. Da ban taɓa ba, da ka ji."

Bobbo bai motsa ba. Ya daɗe yana kallon rediyon nan uku, ƙudan zuma na yawo a kansu. Ni da zagi ya yi, da ya ɗaga sanda, da na fi samun sauƙi. Can ya ɗago.

"Sau nawa aka faɗa?"

"Sau shida. Kwana uku, safe da yamma."

"Kai ka ji?"

"Na ji duka."

"Sun faɗi sunanta daidai?"

Iliyasu ya dube shi. "Sun faɗa daidai."

Bobbo ya gyaɗa kai. Ya jawo rediyon ɗaya bayan ɗaya, ya buɗe murfin baya, ya zare batiran ya zuba a aljihun rigarsa. Ya miƙe, ya saɓa sandarsa, ya ce Allah ya ba mu alheri, ya bi ta cikin masu mazarƙwaila ya tafi. Iliyasu ya bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ya sunkuya ya jawo akwatin Abednego daga ƙarƙashin tebur, ya kwance bayan na farko. Na ce masa wa kake gyara wa kuma? Ya ci gaba da aikinsa. Kafin la'asar ya gama duka ukun, ya share musu ƙura ya ɗora su a kan kanta. Damina biyu ke nan suna wurin. Bobbo yana cin kasuwar Makarfi har gobe, ta ɗaya layin yake bi.